Ranar da Baba Ya Ba da Kujerata a Jirgin Ruwa

Wata Asabar ce a tsakiyar zafi, ina aji biyar na firamare. Tun kafin a kira asuba na gama shiri, na tsaya a ƙofar gidanmu da ke unguwar Old Airport a Doha, kular ƙanƙara a hannuna, hular rana a kaina. Baba ma'aikacin jinya ne, da ƙyar yake samun hutu. Ranar shi da abokan aikinsa sun ɗauki hayar ƙaramin jirgin ruwa, za su je kamun kifi, daga nan su nausa can cikin teku su kalli wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigon fari, wanda tsawonsa ya kai na bas, da ke zuwa lokacin zafi kawai. Kujera ɗaya ta rage, Baba ya ce tawa ce.

Ba ƙaramin shiri na yi ba. Kullum na dawo daga makaranta sai in hau saman bene in yi ta koyon jefa fatsa, har ƙugiyar ta taɓa kamo zanen maƙwabciyarmu daga kan igiya, na sha faɗa. Na wanke motar Baba ba tare da an sa ni ba. Na cika 'yan ajinmu da baki har suka fara kirana Sarkin Ruwa.

Muna loda kaya sai ga Malam Sani, abokin aikin Baba, da ɗansa Bashir a bayansa, yana hamma. Ba wanda ya gayyaci Bashir. Mai jirgin kuwa ya riga ya faɗa, ko mutum ɗaya ba zai ƙara ba. Malam Sani ya ce, "A'a, a bar shi, Bashir ya zauna wajen Hajiya," yana nufin Mama. Baba ya ce, "Haba, ya za a yi haka?" Ya juyo, bai ko kalli fuskata ba. "Kai, miƙa masa hular. Yalla, mu tafi."

Ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma a wajensa abin kunya ne a ga ya fifita ni a gaban mutane. Mama ta ce kara ce, in na girma zan gane. To na girma, na gane, kuma har yanzu abin yana ƙona min rai. Baba aka yaba wa, ni na wuni a bayan labule ina kuka.

Da la'asar suka dawo da kifin hamur cike da kula. Bashir, aka ce, tun da jirgi ya tashi yake amai, ya kwanta ya rufe fuska da hulata. Ƙaton kifin nan ya zo dab da jirgin, ko kai bai ɗaga ba. Ni kuma aka miƙo min wuƙa in kankare ɓawon kifi. Ranar Lahadi, wadda ita ce ranar komawa makaranta a Doha, yara suka yi min caa da tambaya.

Yanzu ina aiki a Doha, jiragen suna fita duk shekara, ina da halin zuwa, amma ban taɓa zuwa ba. Baba ya koma Zariya, gwiwoyinsa sun ƙi, ko matakala ba ya iya hawa. Bara na yi ƙarfin hali na tambaye shi ta waya ko ya tuna. Ya ce, "Kifin babba ne ƙwarai." Na daɗe da sanin girman kifin. Ni so na yi in gan shi ina zaune kusa da ubana.