Ustaz Elfadil da Babin Rijiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran malaminmu Ustaz Elfadil Adam a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, bayan gajeriyar jinya. Na zauna in rubuta makoki, sai na tarar yawancin abin da nake tunawa game da kai na murna ne. Ka yafe mini, Ustaz, haka zan rubuta shi.

Yaƙi ne ya koro ku daga Khartoum a 2023, kai da ƙanwarka Hajar, kuka sauka a gidan mahaifina, Alhaji Salihu. Daga baya muka san wanda muka sauke. Mutumin Darfur ne, an ƙone ƙauyensu yana saurayi, an karkashe danginsa don ƙabilarsu kawai. Ya tsira, ya zama malamin adabi, ya rubuta littafi a kan abin da ya same su.

Lokacin jami'a a rufe take, karatuna na adabi ya tsaya. Da ka ji haka sai ka mai da rumfar gidanmu aji. Kowace la'asar ga jabana, butar gahawa, a kan garwashi tana ƙamshin citta, ga mu muna gardama har a kira magariba. Da na ce littafinka nake so in nazarta, sharaɗi ɗaya ka kafa mini: “Kada ki tausaya mini, ya bitti, 'yata. Karanta ni za ki yi.”

Na kuwa karanta, har na ci karo da abin da ya dame ni. A babin rijiya ka rubuta “na gani” game da matan da mahara suka tara a bakin ruwa, alhali a baya ka ce a ranar kana kan dutse da shanu. Na daɗe ina tsoron in yi magana. Yaya zan tuhumi mutumin da aka kashe masa uwa? Ranar da na daure, na ce, “Ustaz, ba ka wurin. Wa ya ba ka ikon cewa ka gani?”

Ka miƙe zumbur har finjalinka ya kife, kana kiran sunana. “Ya salam! Ummuhani! Shekara da shekaru ana karanta littafin nan ana kuka, ba a taɓa tambayata ba!” Kana dariya kana tafa hannu, ka ƙwala wa Hajar kira.

Ta fito tana goge hannu da mayafi, ta saurara, ta ce, “Ni na gani. Ni na ce ya rubuta, kada ya sa sunana. Tsoro nake ji a lokacin.” Sai ta dube ka. “Amma yaya, ka rubuta cewa mun yi shiru. Ba mu yi shiru ba. Inna ta tsaya tana kiran sunayen 'ya'yanta da ƙarfi har aka harbe ta.”

Ban taɓa ganin marubuci ya yi farin ciki da gyara irin naka ba. Hawaye na zuba, ka nemi alƙalami. Daga ranar Hajar ta shigo aji. Tana faɗa, kana rubutawa, tana sokewa, ni ina tambaya: littafin nan na wane ne? Na mai ido ko na mai hannu? Ba mu taɓa daidaitawa ba, kuma abin daɗi yake maka. Babin ya sake fitowa da muryarta, ka rantse ba za a ƙara buga shi ba sai da sunanta a gaban naka. Ka ga bangon sabon bugun da idonka kafin ciwo ya kwantar da kai, ka yi ta zagaya unguwa da shi kamar mai gayyar suna.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Elfadil. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da mahaifiyarsa da duk waɗanda aka zalunta tare da ita a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗalibansa da yaƙi ya warwatsa, da mutanen ƙauyensu a duk inda suke. Inna Hajar, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya ƙara miki ƙarfin murya. Amin.