Audi, Mai Fara Shan Ruwan Tafkin Gidan Jika

In ya sallame sallar asuba, Audi ba ya komawa shimfiɗa. Sai ya ɗauki sandarsa da 'yar ƙwarya ya gangara tafki. Idan bazara ta yi nisa, tafkin Gidan Jika ba abin kallo ba ne. Ruwan ya ja da baya ya bar busasshen taɓo duk ya tsattsage, ɗan abin da ya rage kuma kore ne shar, ga warin kashin dabbobi. Audi zai zagaye shi kaf, yana tafe yana duƙawa yana shinshinawa. Ya duba kwaɗi ko suna tsalle, ya duba balbela ko ta sauka. In hankalinsa ya kwanta, sai ya zo mashaya inda makiyaya ke jira da garkensu, ya kamfato ruwan nan a ƙwarya, ya yi bismilla ya kafa kai. Sai ya sha sannan ake sakin dabbobi.

Wanda bai san asalin abin ba zai ce tsohon ya taɓu. To ga asalinsa.

Mu mutanen Damargu ba masunta ba ne. Gero muka gada da kiwo, kifi kuwa sai busasshe a kasuwar Tanut, shi ma sai mai hali. Ma'aikatan ruwa da daji ne suka zo da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa a cikin ganguna, suka ce za su zuba a tafkinmu, amma da sharaɗi. Daga saukar damina har fitar sanyi ba a taɓa kifi, lokacin ƙwansa ne da girmansa. Sai bazara a buɗe su, wato kamun kifi. Ragar da yatsa biyu ba sa shiga idonta ba ta shiga ruwa. Gidan sauro ya tsaya a kan gado. Wanda kuwa ya zuba magani don kifi ya taso, shi da jandarma.

Mutanen gari suka yi ta murna, makiyaya suka ɗaure fuska. Almustafa, wanda garkensa ke saukowa daga wajen Belbeji kowace bazara, shi ya yi magana da yawunsu.

"Mun ga irin wannan a kudu," in ji shi. "Inda kifi ya shiga, mai kwaɗayi na biye. Ya zuba magani ya kwashe kifinsa, shanunmu su zo su faɗi. Dokarku a takarda take, takarda kuma ba ta shan ruwa. Wa zai tsaya mana?"

Maigari ya dubi ma'aikata, ma'aikata suka dubi motarsu. Can daga baya sai ga muryar Audi, manomin da ko a ɗaurin aure ba a jin bakinsa.

"Ni zan riƙa fara sha. Ran da na ƙi sha, kada ku sako dabba."

Aka kwashe da dariya. Almustafa bai yi dariya ba, miƙa masa hannu ya yi. Tun daga ranar gadin tafki ya hau kan Audi, ba albashi, ba riga, ba ko hula.

Aikin ba na neman farin jini ba ne. An sha ganinsa tsulum cikin taɓo yana ƙwace gidan sauro daga hannun samari, yana tsince 'yan mitsi-mitsin kifi yana mayar da su ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa kama ɗan maigari da raga a tsakiyar damina, ya yanka ragar a gabansa, sannan ya tafi da kansa ya gaya wa uban. Mata suka laƙaba masa suna mijin tarwaɗa. Yakan amsa ma, ya ce ai matan nasa ba sa tsegumi. Amma duk bazara in aka buɗe su, masu zagin nan su ne kan gaba da kwando, kuma ba wanda ya taɓa komawa gida hannu rabbana. Har daga Gangara da Ollelewa ake zuwa saro.

Sai ga shekarar da damina ta ɗauke, gero na cikin bununi. Rumbuna suka ƙare tun sanyi bai fita ba. Magidanta suka watse neman abinci, aka bar mata da yara da tafasar ganye. Idon kowa ya koma kan tafki, ga shi saura 'yan kwanaki a buɗe. Wani ya kasa jira. Har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba, ni ma ba zan ɗora wa kowa ba.

Da Audi ya gangara da safen nan, shirun wurin ne ya fara tsinka masa zuciya. Ba kukan kwaɗo ko ɗaya. Da ya matsa sai ga kifi birjik a saman ruwa, ciki sama. A lungun gabas wani farin maiƙo ya kwanta, warin maganin fara na tashi har yana hawa kai. Ya ɗaga ido ya hango garken Almustafa na tahowa, shanun da suka kwana biyu ba su ga ruwa ba. Tsohon nan ya yar da takalmi ya sheƙa da gudu ya tare su tun ba su shaƙi ƙamshin ruwa ba.

"Lafiya, Audi?" in ji Almustafa.

"Yau ban sha ba."

Iyakar maganar ke nan. Almustafa ya dube shi, ya dubi shanunsa da haƙarƙari duk a waje, ya juya ya ba 'yan'uwansa umarni da harshensu. Da duka da ihu suka karkata garken zuwa wata rijiya mai nisa. Maruƙa da yawa ba su kai ba, a hanya suka zube. Bai tambayi hujja ba, bai ce bari ya gani da idonsa ba.

'Yan'uwan Audi na jini su ne suka nemi hujja. Kafin ya dawo, gari ya fashe. Mata da yara sun cika tafki, kowa na kwasa, kwano da tasa da bakin zane. Wata na guɗa, tana cewa Allah ya dubi bayinsa. Audi ya bi su yana roƙo, muryarsa har ta dushe. Ba wanda ya ko ɗago kai. Ya isa wurin ƙanwarsa Rabi, wadda mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da yara, ya kama bakin tasarta.

"Rabi, don girman Allah zubar. Magani ne."

"Sakar min, Yaya. In an fasa ciki an wanke, wuta ta ci, me ya rage?"

"Ba ya wankuwa."

"To yunwa tana wankuwa? Jiya da ruwan zafi na lallashe su suka yi barci. Kai kifi ka sani, ba ka san mutane ba."

Maganar ta soke shi, don ya san ba ƙarya ta yi a kan yaran ba. Ya dubi taron nan, mutum ɗaya ne shi da sanda, in ya ƙwace tasa guda goma za su wuce ta bayansa. Kafin azahar kifin nan yana cikin tukwane, kuma yara za a fara zuba wa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Sai ya taka zuwa lungun gabas, ya tsaya inda kowa ke ganinsa, ya daka tsawa har aka waiwayo.

"Kullum ni nake fara sha. To ku tsaya ku ga abin da za ku kai wa 'ya'yanku."

Ya kamfato daga kan farin maiƙon nan ya shanye.

Ba a daɗe ba gumi ya karyo masa. Yawu ya riƙa dalala, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, ya faɗi cikin taɓo yana amai yana karkarwa. Nan ne aka fara jin ƙarar tasoshi na faɗuwa ƙasa. Maigari ya sa aka tara kifin a rami aka cinna masa wuta, mutane na tsaye da yunwarsu suna kallo, wasu na kuka. A amalanke aka kai Audi bakin hanya, mota ta wuce da shi likita a Tanut. Da ya farfaɗo, lokotoro ya yi masa faɗa kamar zai doke shi, kuma da gaskiyarsa. Ni ma ba ina yabon shan guba ba ne. Abin da nake tambaya shi ne, wane irin gari ne sai mutum ya sha guba a gabansa sannan zai yarda da shi?

Ya tashi, amma bai dawo daidai ba. Hannunsa na rawa har yau, in zai sha ruwa rabi a rigarsa yake ƙarewa. Idonsa ma yana ta ja baya. Haka ya ci gaba da gangarawa tafki, aka sake zuba kifi, makiyaya suka dawo don shi.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Da yake ba a yi jana'izar kowa ba, sai bakuna suka buɗe. Wannan ya ce zafin rana ne ya kashe kifin, lafiyarsa lau. Wancan ya ce ai Audi dama yana da farfaɗiya. Wai ya sa an ƙona abincin gari a shekarar yunwa don a ce da shi. Rabi takan gaishe shi ran salla, daga bakin ƙofa. Da yara sun mutu ran nan da yanzu sunansa na bakin kowa. Ya hana su mutuwa, shi ya sa ba shi da shaida.

Bana ƙafa ta ƙi, ya gaya wa maigari a nemi wani. An yi taro an tashi ba wanda ya ɗaga hannu. Almustafa ya aiko cewa in ba mai tsaya musu, ko dai a daina zuba kifi ko su san abin da za su yi, kuma kowa ya san yadda irin wannan magana take ƙarewa tsakanin manomi da makiyayi.

Audi, kai ne ka riƙe amanar baƙo har ya juya garkensa da kalma ɗaya daga bakinka. Kai ne ka sha zagi don ƙaramin kifi ya girma, ka sha ɗaci don ƙaramin yaro ya girma. Mun gode. Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa, ya sanyaya maka jiki, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samarin Gidan Jika, ba a ce ku sha guba ba. Sammako ake nema, da ido, da mutumin da in ya ce kada a taɓa, zai tsaya a kan maganarsa ko da uwarsa ce ke riƙe da kwando. Da yawanku kuna cikin yaran da ke jiran tukunya ran nan. Kun yi gemu, wasunku har da 'ya'ya. Ɗayanku ya tashi ya karɓi aikin nan. Sauran kuma ku je ku durƙusa ku gaishe shi, ku faɗa masa sunanku da ƙarfi, don yanzu ba ya gane fuska.