Ɗan Kama a Jikin Katako

Shekarar da na fara tuƙa wani injiniya ɗan Japan a unguwar Abhur, can ƙasar Larabawa, na ga hoto a falonsa wanda ya tsayar da ni cak. Wani mutum ne, fuska fara fat da jajayen zane, ya zare ido ya ɗaga takobi.

"Yallaɓai, wannan aljani ne?" na tambaye shi da guntun Larabcina.

Ya yi dariya, ya ce ɗan wasan dandali ne na ƙasarsu cikin shigar jarumi. Wai a jikin katako ake sassaƙa hoton, kowane launi da katakonsa, sannan a danna takarda a kai.

Ni da na tashi gidan masu zanen ƙwarya, nan take na ƙudura sai na gwada. Ranar Juma'a na samo guntun katako a unguwar Waziriyya, na sassaƙa fuskar ɗan kaman garinmu, na shafa tawada na danna takarda a kai. Ina ɗaga takardar sai ga shi yana washe baki! Na ƙwala wa matata kira, ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa ta ce, "Wallahi shi ne, har wushiryar!"