Ƙarshen Tatsuniya Yana Wurin Baba

Ina da shekara bakwai aka ɗaure Baba. Direban bas ne, ya yi hatsari a hanyar Arfa lokacin aikin Hajji, aka yanke masa shekara uku. Mahaifiyata ta riga ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Kaka Dije, maƙwabciyarmu a unguwar Mansur, wadda ba mu haɗa jini ba, ita ta je ofis ta dangwala yatsa a takardar riƙo, ta dawo da ni da ƙullin kayana.

Bayan magariba mukan hau saman gida, ni da jikokinta uku. Ta hura gawayi, ta ɗora shayi, ta miƙe ƙafa. Takan ce, "Ga ta nan ta taso daga Sakkwato a ƙasa." Mu kuma mu amsa, "Ta zauna ta sha ruwa!"

Wata biyu ina ƙin zuwa ziyara. Yaran unguwa suna kirana 'yar mai sijin, wato kurkuku, na ɗora wa Baba laifin. Kaka ba ta taɓa matsa mini ba. Sai wata ranar Laraba ta kawo mana labarin ɗan zabo.

Wai maharbi ya kama zabuwa ya kulle a akurki, ƙwanta ɗaya ya rage a daji. Wata mata ta tsince shi ta sa wa kazarta, kaza ta ƙyanƙyashe shi tare da nata, ta koya masa tono. 'Yan tsaki suna yi masa dariya don jikinsa duk ɗigo-ɗigo. Rannan yana kiwo sai ya jiyo wani kuka daga gidan maharbi, irin wanda shi ma yake ji a maƙogwaronsa. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Nan Kaka ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

"Sai me, Kaka?"

"Halas. Iya nawa ke nan. Sauran yana wurin baban Safiya," in ji ta, tana nuna ni.

"Wallahi kin sani!" in ji Maryam, babbar jikarta.

"Ke tafi can, mai bakin buta. Da haƙorana ƙarshen ya zube."

Kwana biyu jikokin nan suka hana ni sakat, har Maryam ta yi mini alkawarin abin wuyanta. Ranar ziyara na bi Kaka, fuskata a murtuke. Baba ya fito ta bayan raga, ya rame, ya ce, "Mamana!" Ko gaisuwa ban yi ba na ce, "Ɗan zabo ya shiga gidan maharbi ko bai shiga ba?"

Ya dubi Kaka, ita kuwa ta ɗaga kai tana nazarin fanka. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ya shiga mana. Kullum da hantsi yana zuwa bakin akurki, uwarsa tana koya masa kukan zabi ta tsakanin sanduna. Da yamma ya koma ƙarƙashin fiffiken kaza ya yi barcinsa."

Kaka ta zaro takarda da alƙalami ta ce in rubuta da ajamin da ta koya mini, kada in ɓata wa mutane labari a hanya. Da magariba ni na karanta, ita ta zauna cikin masu sauraro tana gyara mini wasali. Daga ranar ba ta sake ƙarasa mana tatsuniyar Laraba ba, ni ma ban sake fashin ziyara ba.

Sai da Baba ya fito ya gaya mini bai san ko ɗaya a cikin tatsuniyoyin ba. A tsaye yake ƙirƙirowa, gumi na karyo masa, sa'an nan ya kwashe mako yana jiran ta gaba.

Na daɗe ina ɗauka wayo kawai tsohuwar ta yi mini. Yanzu da nake riƙon wata yarinya da uwarta ke tsare, ma'aikaciyar hukuma da ke leƙo mu tana tambayar abinci da makaranta da ranakun ziyara, na gane abin da Kaka ta yi. Ta ba ni ci da sutura da wurin kwana, amma ta rage wa Baba wani abu da ba zan samu wurin kowa ba sai shi. Allah Ya haskaka kabarinta. Jiya ina yi wa yarinyar tatsuniya, na kai ɗan zabo ƙofar maharbi, na ɗauki kofina na kurɓa.