Ai Goggo Ce, Ba Mahaifiya Ba

Da daminar bana Goggo Hanne ta cika shekara takwas da rasuwa, Allah Ya jiƙanta da rahama. Na so in zauna in rubuta alherinta kawai, yadda ake yi wa mamaci, amma duk sanda na ɗauki biro sai haushin ranar da ta rasu ya riga ni hawa takardar. To bari in ƙyale shi ya fito. Ita ma ba mai haɗiye haushi ba ce, duk garinmu Wagini an san bakinta.

Ni ɗan fari ne. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasar Batsari, kunya ba ta barin iyaye su riƙe ɗan farinsu. Ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin yayar mahaifina, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, daga nan ban sake kwana ɗakin mahaifiyata ba. Goggo ce ta goya ni, ita ta yi jinyar kaciyata, ita ta yi ta kai daddawa kasuwar Batsari har na gama makarantar koyon aikin lafiya. In na yi rashin ji ita ke duka, in wani ya taɓa ni ita ke cin ɗamara ta fita. Sai da na yi wayo sosai na san ba ita ta haife ni ba, kuma sanin bai canza komai ba.

Lokacin da ta rasu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Safana, ni ke riƙe da ɗakin magani. Da hantsi aka kira ni daga gida, aka ce Goggo ta cika, za a yi jana'iza bayan azahar. Kowa ya san a wurinmu ba a ajiye gawa. Da na hau babur nan take, da na isa tun kafin a gama haɗa ta. Burina bai wuce in tsaya a sahun sallarta ba, in kuma shiga kabari in karɓe ta da hannuna. Ta sha faɗa mini cewa ranar da ta mutu kada in bari wani ya sa ta a rami ina raye.

Sai dai a ma'aikatan asibitin ba kowa, daga ni sai mai gadi. Shugabanmu da mataimakinsa da duk wani mai kujera sun cika mota tun da sassafe sun tafi Katsina gaisuwar mutuwa. Surukin wani babba ne ya rasu, mutumin da a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ko hularsa. Ga shi lokacin zazzaɓin cizon sauro, mata sun cika baranda da yara jiki zafi zau.

Na kira shugaba. Ya yi mini ta'aziyya a gurguje, ya ce maganar izini kuwa in tuntuɓi mataimakinsa, shi ke tsara aiki. Na kira mataimaki, ya ce ina shi ina ba da izini alhali Oga bai ce ba. Yana cikin magana na jiyo tarin Oga a wayarsa. Ashe kan tabarma ɗaya suke, gwiwa na gugar gwiwa, ni kuma ina ta ƙona kati a tsakaninsu. Na danne zuciyata na sake kiran shugaba.

"Wai wace ce ita a wurinka?" in ji shi.

"Yallaɓai, goggona ce. Ita ta riƙe ni tun yaye."

"To ai goggo ce, ba mahaifiya ba. Ka yi haƙuri ka tsare mana wurin. Ranar sadakar uku sai mu ɗunguma mu raka ka."

Har yau ban manta wannan magana ba. Wanda ya faɗe ta ba baƙo ba ne. Ɗan ƙasar nan ne, ya san riƙo sarai, ina ma kyautata zaton shi ma wata ce ta goya shi. Amma da ya hau kujerar ofis sai ya koma ƙidaya dangi da ƙa'idar aiki: uwa, uba, mata, ɗa. Ƙa'idar ba ta san goggo ba, na yarda. To a wane layi ta san surukin babba, har aka kwashe asibiti guda dominsa? Ranar ukun kuwa ba wanda ya zo, wai mota ba mai.

Wani zai ce me ya hana ka garƙame ƙofa ka kama hanya? Na yi niyya, makullin ma yana hannuna. Sai ga wata mata daga ruga ta shigo a guje da yaro yana jijjiga, idanu sun juye. Wa zan bar wa shi, mai gadi? Na tsaya a kansa ina aiki ina kallon rana tana tafiya. Aka kira azahar, ta wuce. Can sai ga Malama Rabi, nas ɗinmu da ke hutun haihuwa, mai gadi ya je ya faɗa mata. Da goyonta a baya ta miƙo hannu ta ce, "Kawo makullin. In Oga ya zo da magana, ni ce." Ba ta da ikon sallamata, amma ita ta sallame ni.

Ina yawan tunanin abin da Goggo za ta ce da za ta leƙo ta ga yadda muke gaisuwar mutuwa yanzu. Ita ba a yin rasuwa ta zauna. Da ƙafa take zuwa har ƙauyen Yasore, da ɗan hatsinta a ka, in ta isa ta tuɓe mayafi ta shiga madafa, ba ta tambayar ko mamacin wane ne. Mu kuwa sai mu auna girman gidan kafin mu auna zumunci. A je a jere, a shafa fatiha, kafin hannu ya sauka daga fuska an ɗauki hoto an watsa a waya, don wanda ake so ya san an zo ya sani. Na tabbata da ta gani sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan gaisuwa ce ko biki?" Kuma a gaban mai gidan za ta faɗa.

Yau ni ma ina shugabantar wani ɗan asibitin, kuma ba abin da ya sauya. Ana nan ana aiko mana saƙo cewa gobe kowa ya hallara, za a je yi wa wane gaisuwa. Ina tura mutum ɗaya, sauran mu yi aiki, a ce ba ni da kara, na ji. Ma'aikaci kuwa in ya zo mini ido jajir ya ce an yi masa rasuwa, sai in ce ya tafi, bayani daga baya. Na san ana cutata. Akwai wani yaro a wurinmu da ya binne kakanni har na daina lissafi. Amma gara ya yi ta yi mini wayo da in tsare mai gaskiya ko sau ɗaya.

Goggo ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗan cikinta ba. Ni ta bari, kuma mutanen Wagini ba su nemi wata shaida ba. Daga baya na ji cewa liman ya ɗage sallar daga azahar zuwa la'asar, abin da ba kasafai yake yi ba, don an ce masa ɗanta na hanya. Amma ga mutanen Yasore da na rugage suna so su koma gida da sauran rana, yadda hanyoyinmu suka zama. Dole aka sallace ta. Ina shiga gari na ci karo da jama'a suna dawowa, ƙafafu duk jar laka.

A maƙabarta mutum ɗaya na tarar, tsugune a gefen sabon kabari da buta a gabansa. Mahaifina ne. An rufe, an daidaita ƙasa, amma ya hana a yayyafa ruwan ƙarshe. Bai dubi fuskata ba, ya turo mini butar.

"Mun jira har ba hali," ya ce. "Amshi. Wannan kai muka bar ma."

Na durƙusa na yi ta yayyafawa a hankali, daga kai zuwa ƙafa, ba na so ya ƙare. Matar da ta yi mini wanka tun ban san kaina ba, abin da ofis ya bari in yi mata ke nan, ruwa buta ɗaya.