Rantsuwar da Baba Ya Hana

Da safen nan koko na dama, ya yi tsami fiye da yadda Baba yake so. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce ko 'yan gidan yari sun fi shi jin daɗi. Na ce to ya je can su dama masa. Muka yi dariya. Ya karanta mana Zabura kamar kullum, muka ce amin, ya fita zaure wurin keken ɗinkinsa.

Mahaifina ke nan, Ishaya, tela a Kaura Namoda, kusa da tashar jirgi. Mu Hausawa ne, Kiristoci, gidajenmu kaɗan a unguwar. Mijina yana aiki a Gusau, sai ƙarshen mako yake zuwa. Don haka ni da yarana biyu muna zaune wurin Baba: Hannatu mai shekara biyar, da Yohanna da nake goyo.

Baba tela ne da ba ya cewa gobe in ya san ba gobe ba ne. In ƙyalle ya ragu, ko bai kai tafin hannu ba, sai ya naɗe shi cikin ɗinkin ya mayar wa mai shi. Teloli 'yan uwansa suna cewa yana ɓata musu sana'a.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba. An ce ba ta shafe mu ba, amma ni dai ban saki jiki ba. Na daina hawa babur, na ƙara faɗin mayafi. Ni dama matsoraciya ce. Tun ina yarinya wa'azin ranar shari'a yake hana ni barci, sai ga shi yanzu kotu biyu nake tsoro, ta ƙasa da ta sama. Baba kuwa ko a jikinsa. Hijabai ma ya samu yana ta ɗinkawa. In na kawo masa zancen tsoro sai ya ce, "Rahila, alƙalin da za ni tsaya gabanai shi yam mutu domina. Tsoron mi za ni ji? Abin da yar rage, in riƙe gaskiya don ina son shi." Nakan ce masa to, amma cikina bai taɓa yarda ba.

Wajen ƙarfe goma keken ya yi shiru. Shi na fara lura da shi, don keken Baba ba ya tsayawa kafin azahar. Sai na ji wata hayaniya daga wajen kasuwa. Kamar ta cin kasuwa, amma tana tafiya, tana matsowa. Ƙofofin shaguna suna bugawa ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa ta kan katanga, na ga hayaƙi ta wajen majami'armu.

Daga baya aka ce wai labari ne ya zo an kashe wasu fataken garinmu a wani gari mai nisa. Har yau ban san gaskiyar maganar ba. Abin da na sani, samari sun fito da sanduna da adduna, kuma mu suke nema.

Alhaji Mamman ne ya faɗo mana ba sallama. Maƙwabcinmu ne, direban babbar mota, abokin Baba tun suna yara.

"Ku hito! Ku bar komi!"

Motarsa tana bayan gida, an riga an yi mata lodin dawa za shi Zurmi. Ya ja buhu biyu, ya yi mana rami a tsakiya. Na shiga da yara. Baba ya sa ƙafa zai hau, Alhaji ya riƙe shi. Baba yana da ciwon ƙirji, ƙurar dawa a ƙarƙashin tamfol za ta sa shi tarin da zai tona mu duka. Ga shi da jamfa da hula da farin gemu, babu mai bambanta shi da kowane dattijo na garin.

"Gaba za ka zamna. Ka yi shiru kawai, ni ka magana."

"Shiru dai na iya," in ji Baba.

Aka ja tamfol. Daga nan ban ƙara ganin komai ba, sai abin da kunnena ya jiyo.

Zafi. Ƙaiƙayin dawa a wuya. Na sa wa Yohanna nono a baki, na kwantar da kan Hannatu a cinyata. Mota ta bi lungu, ta hau kwalta. Na ji gilashi ya fashe a wani wuri. Na ji wata mata tana kiran sunan ɗanta, tana ta kira, har muka wuce ta.

A bakin gari, hanyar Zurmi, birki ya yi ƙara. Muryoyi suka kewaye mu.

"Tsaya! Mi kaɗ ɗauko?"

"Dawa ta," in ji Alhaji.

"Wanga tsoho hwa?"

"Maƙwabcina na."

Wani ya hau taya. Sanda ta sauka a kan buhun da ke saman kaina, tim, ta sake sauka. Ƙura ta zubo mana. Na toshe bakin Hannatu da tafina. Mai sandar ya dira ƙasa. Na ji ana jan icen da aka gitta a hanya, har na fara sakin numfashi. Sai wata murya, ta yaro ƙarami ma, ta ce:

"Dakata. Alhaji, rantse da Allah babu arne cikin motag ga."

Injin kaɗai ke kaɗawa.

Na san Alhaji Mamman. Ko a ciniki ba ya rantsuwa, yana tsoronta kamar wuta. A ƙarƙashin tamfol ɗin nan na roƙi Allah ya sa ya rantse. Haka na roƙa, ba zan ɓoye ba. Na ji ya gyara murya. Na ji ya fara, "Wal..."

"Kak ka rantse, Mamman. Ni Kirista na."

Muryar Baba ce. Ba ta yi rawa ba. Da irinta yake gaya wa mutum ɗinkinsa sai jibi.

Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Na ji takalminsa a kan tsakuwa, yana tafiya ba sauri, yana nisa da motar. Muryoyin suka bi shi duka. Babu wanda ya ƙara tuna da dawa. Wani ya buga jikin motar da hannu.

"Ja ka ba mu wuri!"

Alhaji bai ja ba. Na ji sandar farko. Ba irin ƙarar da ta yi a kan buhu ba ce. Na ji Baba ya yi tari. Na saki bakin Hannatu na toshe mata kunnuwa, nawa kuwa babu mai toshe mini. Tsakanina da shi tamfol ne kawai, kuma in na ɗaga shi na kashe yarana. Na cije mayafina. Sai mota ta ja.

Ana kiran azahar muka shiga Zurmi. Alhaji ya sauke mu a gidan yayarsa. Ta ba mu ruwa, ta karɓi Yohanna, ba ta tambaye mu komai ba. Shi ko zama bai yi ba, ya juya motar ya koma da dawarsa a kai. Hannatu ta tambaye ni ina zai je. Ta amsa wa kanta, ta ce Kakanta zai je ɗaukowa.

Rana ta yi sanyi sosai kafin mu ji ƙarar motar. Hannatu ta ruga waje. Alhaji ya sauko, ya wuce ta, ya zo ya tsuguna nesa da ni kaɗan. Gaban rigarsa duk jini ya bushe. Ya ce ya sami Baba a bakin wata gona, wani bawan Allah ya lulluɓe shi da zane. Ya kai shi wurin mutanenmu da suka fake a ofishin 'yan sanda, gobe za a rufe shi.

Sai ya kama kuka, dattijo da shi.

"Rahila, da ya bar ni na rantse. Allah ya san dalili, da ya yahe min. Kalma guda ta."

Ban ba shi haƙuri ba, don abin da ke raina ya faɗa. Har yau wani lokacin haushin Baba nake ji. Shi bai ji tsoro ba, na yarda. Mu ya bari da tsoron.

Da na fita, Hannatu tana nan tsaye a gefen motar, a ƙofar da ba ta direba ba. Hannunta bai kai mariƙin ƙofar ba. Ta ce in ɗaga ta. Na ɗaga ta, ta leƙa, ta daɗe tana kallon kujerar.

Mu huɗu Alhaji ya ɗauko daga Kaura. Mu uku muka kwana a Zurmi.