Malam Abdulbaqi Ya Rasa Abokin Musu

A Ƙofar Ran aka haifi Malam Abdulbaqi, a nan ya yi aure, a nan ya tsufa, kuma da za a bi ta tasa, daga nan za a ɗauki gawarsa. Aikinsa buga takardu ne a sakatariya, tun zamanin keken rubutu mai ƙarar nan har aka kawo kwamfuta, ya koye ta da ƙyar, bai daɗe ba ya yi ritaya. Ba a san shi da dukiya ba, ba a san shi da rigima ba. Abin da unguwa ta san shi da shi littafi ne. Ko gaisuwar mutuwa zai je, za ka ga aljihun rigarsa ya yi nauyi ta gefe guda. Na Hausa, na Turanci, na tarihi, na soyayyar da 'yan mata ke ɓoyewa a ƙarƙashin filo, duk bai raina ba.

Sai dai karatun shi kaɗai bai ishe shi ba. In ya gama littafi, sai ya ji kamar ya ci tuwo bai sha ruwa ba har sai ya sami wanda zai yi musu da shi. Allah kuwa ya ba shi Toma.

Toma mutumin Bogoro ne, shi ke kula da sito a ma'aikatarsu. Kowace Asabar bayan la'asar sai ya taso daga Yelwa a kan tsohon babur ɗinsa, ya jingine shi a bakin zaure, ya zaro littafin da ya ara ya ajiye a kan tabarma. Tun kafin ya zauna yake yanke hukunci, da Hausarsa wadda ba ta damu da raba namiji da mace ba.

"Malam Baqi, wannan marubuci bai taɓa jin yunwa ba. Ka ga yadda ya rubuta talaka kamar wanda ya gani a hoto?"

"Zauna tukuna, ka sha kunu. Kai dai ba ka karanta tsakiyar ba ne, na san halinka."

Daga nan sai murya ta tashi. Masu wucewa a lungu da ba su saba ba su kan tsaya, su ɗauka faɗa ake yi. Hajiya Zakiyya, matar Malam, ta kan aiko da gyaɗa da saƙon cewa a rage murya, jariri na barci a maƙwabta. Sai an kira magariba Toma zai tayar da babur, da wani littafin a hammata, kowa bai yarda da ɗan'uwansa ba.

Haka suka yi ta yi har gashin kansu ya yi fari. Sannan Hajiya Zakiyya ta rasu. Ba a jima ba idon Malam ya fara. Da farko gefe-gefe ne ya yi duhu, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya ɓoye wa kowa, yana ta matso da littafi kusa da hanci, har ranar da ya fito daga masallaci ya zurma cikin kwata ya gurɗe ƙafa. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci abin da zai ci, sai dai a lallaɓa sauran.

Babban ɗansa, Abdulmuhaimin, darakta ne a wata ma'aikata, yana zaune a GRA, unguwar manyan ma'aikata. Daga asibiti bai ko bi da shi ta Ƙofar Ran ba, ya wuce da shi gidansa. Aka ba shi ɗaki mai banɗaki a ciki, da gado mai laushi, da na'urar sanyaya ɗaki da ke sa masa ciwon gaɓoɓi. Aka gaya wa maigadi kada ya kuskura ya bar Baba ya fita shi kaɗai. Littattafansa aka zuba su a buhuna aka kai sito, tunda a cewar Abdulmuhaimin ganinsu zai riƙa tayar masa da hankali.

Babu wanda ya wulaƙanta shi a gidan, shi ya sa ma ya rasa bakin yin ƙorafi. Abinci na zuwa a kan lokaci, maganin ɗigawa a ido ba ya yankewa. Amma a Ƙofar Ran daga kan tabarmarsa yana jin mai tallan nono, da masu keke Napep suna rigimar hanya, da gaisuwar duk wanda ya gifta. A nan ba ya jin komai sai janareton maƙwabta da kukan tsuntsaye a bishiyar dalbejiya. Ya kan lalubi katanga da hannu ya zagaya gidan, ya dawo inda ya fara. Fitarsa ɗaya ce, masallacin Juma'a, a bayan mota, gilashi a rufe.

Surukarsa Ni'ima, matar Abdulmuhaimin, ita ta lura yana ramewa. Ta yi karatu har jami'a, amma tun da ta yi aure take gida. Wata safiya ta durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, ta ce, "Baba, akwai masu karanta littattafai a waya, mutum ya saurara kawai. In kana so in sa maka."

Ya ce karatun da ba a riƙe takarda ba ai ba karatu ba ne. Amma ya bari ta sa. Kafin azahar ya manta da ƙin da ya yi, ya kafa kunne, yana gyaɗa kai, yana tsaki. Cikin 'yan watanni ya saurari littattafai da dama. Matsalar sai ta dawo inda take: ya gama, bakinsa cike da magana, babu wanda zai faɗa wa. Ya gwada Abdulmuhaimin. Shi kuwa ya dawo a gajiye, yana latsa waya yana cewa, "Haka ne, Baba. Gaskiya ne, Baba." Ba abin da Malam ya tsana kamar a ce masa haka ne.

Ya sa aka kira masa Toma a waya. Ashe shi ma tsufa ya taɓa shi ta kunne.

"Toma, na ce na gama wani labari na direban babbar mota!"

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu! To, direban ya mutu, amma a littafi!"

"Ayya, Allah ya ji ƙansa. Ɗan unguwarku ne?"

Malam ya kashe wayar, ya ajiye ta a cinya.

Wata Asabar da damina Toma ya zo da kansa, a keke Napep, don ya daina hawa babur. Maigadi ya tsayar da shi a waje cikin yayyafi sai da aka buga wa maigidan waya. Da aka shigo da shi falo, ya tsaya yana kallon kujerun, ya rasa wadda zai zauna a kai da jiƙaƙƙen wando. Malam ya laluba ya kamo hannunsa, suka zauna a ƙasa kan kafet.

Toma ya zo da littafi a cikin leda, labarin wata ungozoma a ƙauye. Ya ce shi ya gama, ya yi masa daɗi, zai karanta wa Malam inda ya fi so. Ya fara da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Bai yi nisa ba Malam ya ce, "Tsaya, nan akwai magana. Ta yaya za ta bar mai naƙuda ta tafi neman mota?" Toma bai ji ba, ya ci gaba. Malam ya sake faɗa, ya ɗaga murya, sai da ya daki gwiwarsa sannan ya ɗago.

"Ka ce me?"

Malam ya maimaita a bakin kunnensa. Toma ya yi murmushi ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda bai gane ba amma ba ya son ya ɓata wa mutum. Nan Malam ya san musunsu ya ƙare. Ya bar shi ya karanta har ƙarshen babin, bai ƙara katse shi ba.

Da Toma zai tafi ne ya faɗi abin da ya kawo shi. 'Yarsa Patricia za ta ɗauke shi ya koma wurinta a Jos, ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba mota ta kaɗe shi bai ji ham ba. Malam ya raka shi har bakin get, iyakar inda aka yarje masa, ya tsaya yana sauraron ƙarar keken har ta ɓace.

A makon ya roƙi ɗansa ya mayar da shi Ƙofar Ran. Abdulmuhaimin ya zauna a gabansa ya ce, "Baba, in ka sake faɗuwa fa? Me zan ce wa Allah, me zan ce wa mutane? Wa zai riƙa sa maka magani?" Malam ya san yaron ba ƙarya ya yi ba. Bai sake tayar da zancen ba.

Ya koma yin musunsa shi kaɗai. Wata rana da hantsi yana zaune a baranda, ya sake sauraron ƙarshen labarin direban nan, ya yi tsaki ya ce da ƙarfi, "Ragwanta ce kawai. Marubucin ya gaji, ya rasa yadda zai yi da mutumin, sai ya jefa shi a rami."

"Ba ragwanta ba ce, Baba."

Daga tagar kicin muryar ta fito. Ni'ima ce, da alama maganar ta suɓuce mata ne.

"Na'am? Me kika ce?"

A hankali ta ce, "Tun a farko ai an nuna birkin motar na ba shi matsala. Yaron motarsa ya yi masa magana, matarsa ma ta yi, ya ce sai ya dawo. Duk littafin haka yake, komai sai ya dawo. Ni a ganina halinsa ne ya kashe shi."

Malam ya gyara zama, ya juya fuskarsa wajen tagar. Rabon da ya ji jininsa ya motsa haka har ya manta. "To ai nan kika yi kuskure! In halinsa ne, me ya sa aka ɗauko ruwan sama aka ƙara? Zo ki zauna, ɗauko kujera."

Ba ta zo ba. Surukuta ba ta bar ta ta zauna gaba da gaba da uban mijinta tana ja-in-ja da shi ba. Ta dai ce daga inda take, ruwan sama ai kowa ya same shi a hanyar, shi kaɗai ya faɗa. Yana shirin mayar mata sai aka yi ham a get, yara sun dawo daga makaranta. Ya ji takunta ta yi cikin gida.

Kwanakin da suka biyo baya ta koma yadda take, gaisuwa daga bakin ƙofa, a ajiye abinci, a ɗauke kwano. Ya yi ta jefa zancen direban, sai ta yi dariya ta ce, "Baba ke nan." Har ya fitar da rai. Sai wata safiya da ta zo sa masa sabon littafi, ta miƙa masa wayar da hannu biyu, ta ce, "Wannan na riga na gama shi, Baba. Yarinyar da ke cikinsa ba ta burge ni ba ko kaɗan." Kafin ya buɗe baki ta fice.

Malam Abdulbaqi ya sa aka jawo masa kujerarsa kusa da tagar kicin. Ya kara wayar a kunne, yana saurare, yana neman inda zai kare yarinyar.